HANYA TA KOWA CE: KIRISTA DA DOKAR GARI

Wa'azi domin masu bi na Jega, Aliero da Maiyama
Karatu: Irmiya 29:4-7, Romawa 13:1-10, Matiyu 22:15-22



Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri, hanya za ta bi da shi ta Aliero, ta kai shi Jega, ya haye gadar Gulbin Zamfara, sa'an nan ya isa Maiyama. Garuruwan uku ne, kowanne da ƙaramar hukumarsa, amma hanyar ɗaya ce. A bakinta manomin Aliero yake tara buhunan albasarsa, ita ɗan kasuwa yake bi zuwa cin kasuwar Jega, ita ɗalibi yake bi zuwa jami'ar da aka kafa a Aliero a shekarar 2006, ita kuma ake bi da wanda ya karye zuwa wurin masu ɗori. Musulmi yana binta zuwa masallacin Juma'a, mu ma muna binta zuwa Misa ran Lahadi. Ba wanda ya gaje ta a wurin ubansa, ba kuwa wanda zai naɗe ta ya kai gida.

Haka kasuwa take, haka tasha, haka bakin rijiya da magudanar ruwa da filin da yara suke wasa. Waɗannan wurare na kowa ne, saboda haka kuwa su ne suka fi shan wulakanci, gama abin da yake na kowa sau da yawa ba mai ɗaukarsa nasa. Domin wannan ne hukuma takan kafa doka. Kun saba jin irinta daga bakin mai shela, ko a rediyo, ko a takardar da aka manna a sakatariya: kada a zuba shara a magudana, kada a yi bahaya a fili, a ɗaure dabbobi da damina, kada a tare hanya da kaya, kada a hana mutane barci da kiɗa, kada a yi tseren babur cikin gari, kada a yi shaye-shaye da caca a bainar jama'a.

A tsakaninmu akan ji gunaguni iri biyu game da waɗannan dokoki. Wani yakan ce, "Ai dokarsu ce, ba tamu ba, tun da yake mu kaɗan ne a garin nan." Wani kuma yakan ce, "Wannan dokar ciyaman ce, ba ta Allah ba. In ba a kama ni ba, ba ni da zunubi." Dukansu biyu suna bukatar amsa daga Maganar Allah da koyarwar Ikkilisiya, gama a kan hanya da cikin kasuwa ne ake gane ko ƙaunar maƙwabci da muke furtawa a majami'a gaskiya ce.

DAGA INA IKON YA FITO?

Dattawanmu suna tunawa da zamanin En'e, sa'ad da duba-gari yake shiga gida-gida yana leƙa randa da salga, wanda aka samu da ƙazanta kuwa sai ya amsa tambaya. A shekarar 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi gyara, aka daidaita tsarinsu a ƙasar nan baki ɗaya. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 7 da jadawali na huɗu, ya jera ayyukansu: su kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da makabarta da makewayin jama'a, su kuma kula da su, su kwashe shara, su sa ido a kan shaguna da rumfuna da gidajen abinci, su tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, su ba da lasisin sayar da giya, su kuma iyakance shi. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 daga cikin 774 na Nijeriya, Jega da Aliero da Maiyama kuwa suna cikinsu.

Ashe wannan iko ya fito ne daga tsarin da ya haɗa 'yan ƙasa duka. Kansilan mazaɓarka naka ne kamar yadda yake na maƙwabcinka, kuɗin rumfa da kake biya kuwa cikin asusu ɗaya yake shiga da nasa. Gaskiya ne a shekarar 2000 Jihar Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, aka kuma bayyana cewa domin Musulmi aka yi ta. Wannan magana dabam ce, kada mu gauraya ta da wadda muke yi yau. Dokar shara ba ta da addini. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatamin gidan Kirista ba ya tambayar sunan yaron da zai ciza, kwalara kuma in ta shiga rijiya, da mai ɗaukar rosari da mai ɗaukar carbi duk ruwa ɗaya suke sha. Mai cewa "dokarsu ce" ya manta cewa hanyar tasa ce shi ma.

ALLAH YA RIGA KANSILA

Wanda yake tsammani Allah bai damu da irin waɗannan ƙananan al'amura ba, bari ya buɗe Attaurar Musa. A Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango domin biyan bukata, kowa ya riƙe abin tono tare da kayansa, ya haƙa rami, ya rufe bayan ya gama. Dalilin da aka bayar abin lura ne: Ubangiji da kansa yana zagawa cikin zangon, bai kamata ya tarar da ƙazanta ba. A sura 22 kuma an ce wa mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa katanga, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan.

Littafin Fitowa ya ƙara da waɗansu. A sura 21, wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, sa ko jaki ya faɗa ciki, shi zai biya. Wanda aka gargaɗe shi cewa sansa yana tunkuyi, ya ƙi tsare shi, har ya kashe mutum, laifin yana kan mai san. A sura 22, wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, zai rama daga mafi kyawun amfanin gonarsa. Manomin Maiyama da akuyar maƙwabci ta cinye masa shuka ba ya bukatar a fassara masa wannan aya. A Littafin Firistoci sura 19 kuwa, an hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho, an hana algus a mudu da ma'auni, a cikin wannan sura ɗin kuma aka ba da umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Ubangijinmu Yesu ya ɗauko ya sa shi kusa da ƙaunar Allah.

Ku dubi yadda Littafi Mai Tsarki ya jera su wuri ɗaya: salga, katangar soro, rami, akuya, mudu, ƙauna. Bai raba su ba, domin ƙauna ba ta zama a iska. Tana bayyana a wurin da mace take zubar da ruwan wanke-wankenta, da yadda saurayi yake tuƙa babur a ƙofar makarantar firamare. Sa'ad da ƙaramar hukuma ta ce a rufe rami, a ɗaure akuya, a tona masai, tana maimaita abin da Allah ya riga ya faɗa wa jama'arsa a jeji tun da daɗewa.

SABODA LAMIRI

A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari da Janar Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Mutane suka koyi bin layi a tasha da banki, suka share gari, gama soja yana tsaye da bulala. Da gwamnatin ta faɗi a watan Agusta na 1985, yawancin ɗa'ar ta bi bulalar ta tafi. Ɗa'ar da tsoro ya haifa ba ta wuce ranar da mai gadi ya yi barci.

Bulus Manzo ya san wannan. A Romawa sura 13 ya koya wa masu bi su yi biyayya ga mahukunta, ya kuma ce kada tsoron hukunci kaɗai ya zama dalilinsu, sai dai lamiri ma ya sa su yi. Mu tuna wa yake rubuta wa: ƙaramar jama'a ce a birnin Roma, ƙarƙashin sarkin da bai san Almasihu ba. Bai ce musu, tun da ku kaɗan ne, dokar birni ba ta shafe ku ba. A ƙarshen wannan magana ya nuna cewa ƙauna ba ta cutar maƙwabci, saboda haka mai ƙauna ya cika shari'a.

Annabi Irmiya ya je gaba da haka. Ya aika da wasiƙa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da suke zaune cikin baƙin ciki suna ƙirga kwanakin komawa gida. Ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin birnin, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Da yawa daga cikinmu aiki ne ya kawo mu nan, ko kasuwanci, ko karatu. Wani daga ƙasar Zuru ya zo, wani daga Kudancin Kaduna ko Filato, wani daga ƙasar Ibo, wani kuwa a nan aka binne cibiyarsa. Mai jiran ranar da za a yi masa canjin wurin aiki yakan ce a ransa, "Ina ruwana da garin nan?" Irmiya yana amsa masa: ruwanka ne ƙwarai. Muddin kana shan ruwan Jega, kana numfashin iskar Aliero, kana cin hatsin Maiyama, Allah zai tambaye ka abin da ka yi wa garin.

A cikin Bisharar yau Ubangiji ya nuna cewa Kaisar yana da hakkinsa, Allah kuma yana da nasa. A Matiyu sura 17 ma, ya biya kuɗin Haikali, shi da Bitrus, ko da yake bai wajaba a kansa ba, don kada ya zama sanadin tuntuɓe. Saboda haka wanda ya ƙetare doka mai adalci da gangan, har ya cuci jama'a, yana da abin da zai faɗa a wurin furta zunubi, ko da ba ɗan sandan da ya gan shi.

MU FARA DA ƘOFAR GIDANMU

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga tudun mu dubi namu.

Na fari, ƙara. Littafin Karin Magana, sura 27, ya yi gargaɗi cewa ko albarka ce ka sa wa maƙwabcinka da ihu tun da asuba, kamar la'ana za a lissafa ta. Sa'ad da muke addu'ar dare, ko bikin Kirsimeti, ko liyafar aure, muka juya lasifika waje har gari ya waye, mu sani akwai tsohuwa mai hawan jini a bayan katanga, akwai jariri, akwai direban da zai kama hanyar Kwantagora da sassafe da rayukan mutane a hannunsa. Wani zai ce, "Ai waɗansu ma suna da lasifika." Suna da ita, amma ba za a tambaye mu tasu ba a ranar shari'a. Allahnmu ba kurma ba ne. Annabi Iliya bai same shi cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin siririyar murya ya same shi. Lasifikar majami'a domin waɗanda suke ciki ce, a daidaita ta gwargwadonsu.

Na biyu, abin sha. Ikkilisiya Katolika ba ta koyar da cewa ruwan inabi kansa zunubi ne, amma tana koyarwa sarai cewa buguwa zunubi ce. Bulus kuma ya ce wa Romawa, a sura 14, gara mutum ya bar nama da ruwan inabi da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Muna zaune cikin mutanen da addininsu ya haramta musu giya. Kiristan da ya fito yana tangaɗi a bakin titi, yana zage-zage, ya yi wa'azin da ya fi na Fada ƙarfi, amma wa'azin rushe Bishara ne, gama gobe za a ce, "Haka suke." Wake ɗaya ke ɓata gari. Duk iyakar da hukuma ta sa game da sayar da giya da shanta a fili, sai mu kiyaye ta. Bitrus Manzo ya bambanta wahalar da mutum yake sha domin shi Kirista ne da wadda yake sha domin mugun aikinsa. Wanda aka kama yana maye a tasha kada ya zo ofishin paris yana cewa ana tsananta wa Ikkilisiya.

Na uku, shara da ƙazanta. Ledar ruwan da muka jefar a bakin hanya ita ce take toshe magudana, ruwan Agusta kuwa in ya rasa hanya sai ya shiga ɗakin wanda yake gangare, wanda sau da yawa shi ne mafi talauci a unguwa. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa ta 2015 mai suna Laudato Si', ya kira duniya gidanmu na tarayya. Gidan nan yana farawa daga kwatamin ƙofarmu. Mai gidan haya da ya tara iyalai ba tare da masai ba, yana tura su daji da bakin gulbi ne, yana kuwa da rabo cikin kowace cutar da ta biyo baya.

Na huɗu, hanya. Mai shago da ya baje kayansa har kan titi, ya tura masu tafiya a ƙasa tsakiyar motoci, ya sa abin tuntuɓe a gaban makaho. Saurayin da yake wasa da babur a ranar ɗaurin aure yana wasa da doka ta biyar, wadda ta hana kisankai. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ba mai ɗorin da yake mayar da ran da ya fita.

MA'AUNIN DOKA MAI ADALCI

Kada wani ya ɗauka cewa Ikkilisiya tana cewa duk abin da ya fito daga sakatariya daidai ne. Limaman Dominikan ne suka fara riƙon wannan yanki na Sakkwato sa'ad da aka keɓe shi a 1953, kafin ya zama dayosis a 1964. Babban malamin ƙungiyarsu, Toma Akwinas Mai Tsarki, wanda ya rasu a 1274, ya bar mana alamu huɗu na doka ta gaskiya. Da su za mu auna kowace doka.

Ta fari, sai ta dace da hankali. Ba daidai ba ne a hana mutum bahaya a fili a kasuwar da ba makewayi, ko a ci shi tara domin shara alhali ba a nuna masa inda zai zuba ba. Tsarin mulkin da ya ba hukuma ikon hanawa, shi ne ya ɗora mata nauyin gina makewayi da kwashe shara. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Saboda haka muna da hakkin tambaya, cikin ladabi, ina aikin.

Ta biyu, sai ta zama domin amfanin jama'a duka. Littafin Firistoci ya hana alƙali son kai, ko ga talaka ko ga babba. In aka ƙwace farantin yarinya mai tallan ƙosai domin ta tare hanya, aka bar babban mutum ya rufe titi domin bikin ɗansa, doka ta zama ragar da take kama ƙananan kifaye, manya su yaga ta su wuce. In aka mai da tara hanyar cika aljihu, ba rasit, ba lissafi, wannan ƙwace ne da rigar hukuma. In kuma aka ɗauki dokar ƙara ko ta gini aka ɗora ta a kan mabiya addini ɗaya kaɗai, an saɓa wa sashe na 38 na Tsarin Mulki, wanda ya tabbatar wa kowa 'yancin addini da sujada.

Ta uku, sai ta fito daga wanda aka danƙa wa riƙon jama'a, shi ne kuma zai zartar da ita. Taron mutane masu fushi ba hukuma ba ne. Ba mu manta da ran 12 ga Mayu 2022 ba, sa'ad da taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, abin da Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop namu Matthew Hassan Kukah suka yi tir da shi. Tun da mun ɗanɗana ɗacin wannan, kada a sami hannun ɗayanmu cikin dukan ɓarawon da aka kama a kasuwa. A miƙa shi ga hukuma da ransa.

Ta huɗu, sai an sanar da ita. Dokar da take ɓoye cikin durowar ofis, ba ta fitowa sai ranar kamu, tarko ce. A rubuta ta, a karanta ta da Hausa a kasuwa da tasha, a faɗi abin da aka hana da yawan tarar, don kowa ya sani.

In doka ta kasa waɗannan alamu, me za mu yi? A Filibi, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala ba shari'a, aka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita sai mahukuntan sun zo da kansu, gama ya san hakkinsa na ɗan ƙasa. Bai tara mutane ba, bai ƙone ofishi ba, amma bai yi shiru ba. Mu ma muna da mai unguwa da hakimi da kansila, muna da kotu, muna kuma da hukumar adalci da zaman lafiya ta dayosis. Ƙin biyayya gaba ɗaya yana da wuri ɗaya tak, watau inda doka ta umarce mu mu yi zunubi ko mu musunci Ubangiji, kamar yadda manzanni suka tsaya a gaban majalisa a Ayyukan Manzanni sura 5. Share ƙofar gida ba ya cikin wannan.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke aikin ɗan sanda, ko duba-gari, ko karɓar haraji, ku tuna da amsar da Yahaya Mai Baftisma ya ba masu irin aikinku a Luka sura 3: kada a karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada a yi ƙwace ko ƙage, kowa ya gamsu da albashinsa. Mai dokar barci kada ya ɓuge da gyangyaɗi.

YARON DA AKE KIRA ƊAN ISKA

Akwai wanda waɗannan dokoki suka fi faɗa wa, watau saurayin nan da yake zaune a lungun tasha, ido jajur, ba aiki, ba makaranta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka masu sha ba su ƙare ba, gama an rufe kwalba ne, ba a cika ramin da yake cikin zuciya ba.

Doka tana iya korar yaron nan daga wannan lungu zuwa wancan, tana iya kulle shi kwana bakwai. Ba ta iya koya masa sana'a, ba ta kuwa iya ce masa "ɗana". Wannan aikin iyaye ne da Ikkilisiya. Waɗansu daga cikin yaran nan a hannunmu aka yi musu baftisma, sunayensu suna cikin littafin paris. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma uban da yake cikin misalin ɗan nan da ya ɓace bai fid da zuciya ba ko bayan iccen ya bushe. Mai gareji ko shago a cikinmu da ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa aiki ya yi wa garin abin da tara ɗari ba za ta yi ba.

Mu kuma lura da bambancin mai ɓarna da mai bukata. Almajirin da yake bara, da gurgu, da mai taɓin hankali da yake kwana a rumfar kasuwa, ba shara ba ne da za a kwashe don gari ya yi kyan gani. Surar Allah ce a jikinsu. Dokar da ta taɓa su sai ta zo da abinci da magani da mafaka a ɗaya hannun, mu ne kuwa ya kamata mu fara tuna wa hukuma wannan, mu kuma sa namu hannu.

ABIN DA ZA MU YI

Saboda haka, ya ƙaunatattu, bari kowace majami'a a Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukansu ta ɗauki waɗannan matakai. Kwamitin majami'a ya je sakatariya ya nemi dokokin da suke aiki a rubuce, malamin katekizim ya karanta su ga jama'a bayan Misa. Kafin kowane taron dare ko jerin gwano, a sanar da hukuma da mai unguwa da maƙwabta, a kuma sa lokacin tashi, a cika shi. Ƙungiyar matasa ta ɗauki magudanar da take gaban majami'a da ta maƙwabta, ta yashe ta kafin ruwan fari, ba tare da jiran shela ba. Zumuntar Mata ta ziyarci iyayen yaran da suka faɗa shaye-shaye, cikin asiri, ba da gori ba. Ƙungiyar maza ta tabbata akwai makewayi mai tsabta a harabar kowace majami'a, gama ba za mu roƙi hukuma abin da mu kanmu ba mu yi ba.

Sa'ad da kuke binciken lamiri kafin furta zunubi, ku ƙara waɗannan tambayoyi: Na hana maƙwabcina barci? Ruwan gidana ya cuci wani? Dabbata ta ci gonar wani, na yi shiru? Na ba da cin hanci don in kauce wa tarar da ta dace da ni? Na ga ana zaluntar talaka da sunan doka, na kau da kai?

Mu kaɗan ne a garuruwan nan, amma gishiri ma kaɗan ake sawa a miya. Maƙwabtanmu da yawa ba za su taɓa shiga majami'a su ji Bishara ba, ƙofar gidanmu da rumfarmu da tuƙinmu su ne abin da za su karanta. Bari su karanta abin da zai sa su girmama Ubanmu da yake Sama.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da kake zagawa cikin zangon jama'arka, ka dubi Jega da Aliero da Maiyama da idon jinƙai. Ka ba shugabannin ƙananan hukumominmu da kansiloli da sarakuna hikima da tsoronka, su kafa doka da adalci, su zartar da ita ba son kai. Ka ba mu zuciyar da take kiyaye hakkin maƙwabci ko ba mai gani. Ka komo da 'ya'yanmu da suka ɓata, ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu Musulmi. Maryamu, Sarauniyar Salama, ki yi roƙo dominmu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.